Kayan lefe a Kano: daga ina zan fara?

Maman Biyu, Maradi: Salamu alaikum. Zan haɗa lefen ƙanena a Kano, kwana ɗaya gareni. Ina zan nufa?

Ɗan Kasuwa: Hajiya, ki fara canza sefarki a Wapa, wurin 'yan canji da ke Fagge. Kasuwar Kantin Kwari na nan kusa. Atamfa, shadda, leshi, duk dila-dila. Ki murza shaddar da yatsa, ki ɗaga ta a rana, fitilar shago makaryaciya ce. Kuma kar ki bi ɗan kamasho, ladarsa a kanki take.

Inna Hajo: Ɗiyata, turaren wuta da takalman fata sai kasuwar Kurmi, amma lungunanta sai da ɗan gari.

Direba: Kwana ɗaya? Da shingayen Jibiya? Ki kwana, Hajiya. Bayan isha'i ki nemi gurasa da tsire.