Turke da sakata: sunan ƙarafan da ke riƙe jita a kafaɗa

1/ Jama'a, ina neman taimakonku kan wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke jikin jita. Duk mai kaɗa jita a tsaye ya san su, amma in ka ce ya kira sunansu da Hausa sai ya ce "abin nan na bel". Na farko ɗan dunƙulen ƙarfe ne da ake kafawa a katako da sukuru, a saƙala bel a kansa. Turawa na ce masa strap button. Na biyu shi ne abin da ake ƙarawa don kada bel ya suɓuce, wato strap lock. Yara uku nake koya wa jita da yamma, kuma na gaji da nuna abu da yatsa.

2/ Abin da ya taso da maganar: a watan jiya ɗaya daga cikinsu yana tsaye yana gwaji, ya ɗan sunkuya zai gyara wayar jitar, sai bel ya fita daga ƙarfen sama. Jitar ta sha siminti da ka. Kuɗin da ya tara na shekara guda ne. Da na duba sai na ga ramin fatar bel ɗin ya buɗe baki, ƙarfen kuma yana girgiɗi tun ba yau ba. Ya ce ya lura, amma bai san me zai ce mini ya lalace ba. Wannan amsar ta tsaya mini a rai har yau.

3/ Bari mu fara da bel ɗin kansa. Kowa bel yake cewa, kuma ba zan yi faɗa da kowa a kai ba. Amma bel na ƙugu ne. Abin da ake ratayawa a kafaɗa ya ɗauki nauyi muna da sunansa tun kaka da kakanni: hamila, wadda mahaya ke rataya takobi da ita ranar hawan sallah. Akwai kuma maratayi, sai dai shi ya yi faɗi, har na jaka da na ƙwarya duk maratayi ne. Ni hamila na ɗauka, da ita zan ci gaba.

4/ Yanzu ƙarfen farko. Shawarar da ta fara zuwa ita ce maɓalli, tunda fassarar kai tsaye ke nan. Ban yarda ba. Maɓalli ya riga ya ɗauki kaya da yawa a Hausar yau: na riga, na fitila, na kwamfuta, na waya. A jikin jita mai lantarki ma akwai na ƙara murya da na sauya sauti, kuma su yara ke kira maɓalli. In na ce wa yaro "duba maɓallinka", hannunsa wajen murya zai tafi.

5/ Wani dattijo baduku da ke yi mini ɗinkin fata ya ce anini. Na ce, Baba, me ya sa? Ya ce ai yadda kake tsaga fata ka tura shi ciki, haka ake ɓalla aninin riga. Ya kuma tuna mini da tsohon kuɗin nan na zamanin Turawa, anini, wanda goma ke yin kobo, mai huda a tsakiya. Ƙarfen nan ma zagayayye ne mai huda a tsakiya, ta nan sukuru ke wucewa. Wallahi hujjar ta burge ni, kwana biyu ina juya ta.

6/ Amma, Baba, a gafarce ni, anini siffa ya kama, bai kama aiki ba. Aninin riga ba ya ɗaukar nauyi, in ya tsinke sai a sa allura. Wannan kuwa jita gaba ɗaya ke rataye a kansa. Jita ƙirar Les Paul ta kamfanin Gibson sau da yawa takan haura kilo 4, kuma duk nauyin nan yana kan sukuru biyu ne da suka shiga katako. Abin da aka kafa ya tsaya cik, aka ɗaura abu mai daraja a jikinsa don kada ya tafi, sunansa turke. Ɗan da ya tashi a gidan da ake kiwo ba sai an ce masa a riƙa girgiza turke a ji ko ya yi sako-sako ba. Sunan da kansa yana koyar da kula.

7/ Kuma kalmar tana haihuwa ba tare da tilas ba. Turken sama, wanda a jita ƙirar Stratocaster ta kamfanin Fender ke kan dogon ƙahon da ya fito daga jikinta. Turken gindi, na ƙasa. Turken wuya, irin na Gibson SG da ke bayan jita inda wuya ya haɗu da jiki, wanda yana cikin abin da ke sa kan SG ya riƙa rinjaya ƙasa in ka sake ta. Jita marar lantarki sau da yawa da turken gindi kawai take zuwa, shi ya sa ake ɗaure ɗaya bakin hamila da igiya a kai, ko a kafa sabon turke a dundunniyar wuya. Bahagon da ya juya jitar 'yan dama, kamar yadda makaɗin jitar nan na Amurka Jimi Hendrix ya yi, sai ya mayar da turke ɗaya ƙahon. Kun ga duk na faɗe su ba tare da aron kalma ba.

8/ Wani ɗan'uwa ya ce fegi. Na gode, ɗan'uwa, amma fegi a kunnen mutanenmu yanzu fili ne.

9/ Ƙarfe na biyu ya fi wuya, don ba iri ɗaya ba ne. Mutane da yawa sun ce kwaɗo. Kwaɗo kuwa da makulli yake tafiya, wannan ba shi da makulli. Ku dubi yadda yake aiki. Na kamfanin Schaller na Jamus, wanda ya fito tun 1981, gida biyu ne: turke na musamman a jikin jita, da wani ƙarfe mai kama da kofaton doki da ake ɗaurewa a jikin hamila da noti. Turke ya zauna cikin kofaton, sai wani ɗan tsinken ƙarfe mai sifirin ya faɗa ramin da ke kansa. Ba ya fita sai ka ja tsinken da hannunka. Ƙarfen da ke zurawa cikin rami ya hana buɗewa sai an ja shi, ai sakata ke nan.

10/ Na Dunlop na Amurka dabararsa daban: sanda ce mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ka tura ta cikin turke ta kama, ka danna tsakiya ta saki. Duk da haka zurawa ake yi a zare, don haka sakata ta ɗauke shi. Sakatar hamila. A lura, sakatar Schaller ba ta shiga turken Dunlop, haka ma akasin haka. Mai jita biyu da hamila ɗaya ya tsaya kan iri guda.

11/ Akwai na uku, wanda shi nake sa wa yara: faifan roba mai huda da ake turawa kan turke bayan an saƙala hamila. Ba ya buƙatar kwance komai, ba ya yin ƙara, kuɗinsa kaɗan. Wannan ba sakata ba ce, kuma ba sai mun wahala ba, makanikai sun riga sun ba mu wosha. Woshar roba. Wata 'yar'uwa ta ce dabaibayi, kuma ya yi daɗi ƙwarai kusa da turke. Hajiya, na so shi, amma dabaibayi hana motsi yake yi, woshar kuwa tana barin hamila ta juya yadda take so, fita kawai take hanawa.

12/ Ga wanda zai saya, tunda an tambaye ni a gefe. In a zaune kake kaɗawa ko a coci kake tsaye wuri ɗaya, turke mai faɗin kai da woshar roba sun ishe ka. In kuwa irin kiɗan bikin Agadas ne, irin na makaɗan jitar Nijar Bombino da Mdou Moctar, inda jiki ba ya tsayawa, sayi sakata. Amma ka sani sakata ba ta gyara turken da ke girgiɗi. Na sha ganin wanda ya sayi mai tsada ya kafa ta da sukurun da ya fi ramin siranta, ranar da ta tashi fita da sukurun ta fito gaba ɗaya. Jitocin Gibson musamman sukan zo da sukuru mai kauri a gindi, sai ka gwada kafin ka ɗaure. Kuma notin da ke riƙe sakata a jikin hamila yakan kwance a hankali, a riƙa taɓa shi kafin a hau dandali.

13/ In rami ya cinye, ba sai an je wajen kafinta ba. Tsinken sakace biyu ko uku, a shafa musu gam na katako, a cusa, a karya abin da ya yi saura, a bari ya bushe, a mayar da sukuru. In sabon rami ne a fara huda shi da siririn ƙarfe, kada a tura sukuru da ƙarfi katako ya tsage. Ɗan ƙyallen nan mai laushi da ke tsakanin turke da fenti kuma kada a yar da shi.

14/ Ga inda na tsaya: hamila, turke, sakata, wosha. Jiya na gwada su. Na ce wa ƙaramin cikin yaran ya duba turkensa na gindi, bai tambaye ni komai ba ya juya jitar ya kama shi ya girgiza.

15/ Saura guda da ya gagare ni. A jita marar lantarki da aka sa wa na'urar ɗaukar sauti, turken gindi shi ne kuma ramin da ake soka waya. Turke ne, soket ne, kuma yawancin sakatu ba sa hawa kansa. Na rubuta "turke mai baki" na goge, na sake rubutawa. Masu gyaran kayan sauti na Sabon Gari da Yamai, me kuke ce masa in mai jita ya kawo muku?