Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake

Ɗan Wunti: Jama'a, wannan karin magana kariya ce ga mai habaici ko tona masa asiri? Waƙoƙin 'yan NEPU ne suka sa na tambaya.

Malamin Kobi: Kariya ce. An kafa NEPU, jam'iyyar talakawa mai adawa da mulkin sarakuna, a Kano 8 ga Agusta 1950, lokacin kotun alƙali da 'yan doka duk a hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, suke. Ka kama sunan sarki ko hakimi a waƙa, ka ba alƙali hujja. Shi ya sa a raba zambo da habaici. Zambo yana siffanta mutum, tafiyarsa, rawaninsa, har yaro ya gane shi. Habaici hali kawai yake faɗa, a bar mai shi ya tsargu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Hajiyar Jahun: Allah gafarta Malam, ban yarda duka ba. Sa'adu Zungur na nan Bauchi bai cika ɓoye-ɓoye ba. Tun taron tattaunawar da suka fara a 1943 tare da Aminu Kano yake sukar mulkin En'e a fili, har ya rasu a 1958. Kuma kariyar ba ta da tabbas. Mawaƙi Fela Kuti bai kama sunan kowa ba a waƙarsa kan sojoji, amma a Fabrairun 1977 sojoji suka ƙona masa gida a Legas.

Malamin Kobi: Hajiya, ai wannan ya wuce habaici, ya nuna kaki ƙarara.

Mai Kalangu: Ku bar ni in faɗi inda ake kuskure. Habaici in ya yi zurfi, 'yan kasuwa ba su gane ba, waƙa ta mutu a bakin mai ita. Dabarar: amshi ya zama layi ɗaya ko biyu, a ɗora shi kan karin da kowa ya sani, kamar na gaɗa. Amsa-amon ya zama ɗaya har ƙarshe don hadda. Sai a jefa alama guda tak, misali jangali ko aikin tilas. In ka jera alamu uku, ya koma zambo.

Ɗan Wunti: To wa ya sani kenan, mai zagin ko wanda aka zaga?

Hajiyar Jahun: Karin maganar mai zagin ta ambata. Amma 'yan doka ba wajensa suke neman fassara ba, wajen 'yan amshi suke tsayawa su ga wa ake kallo.