Rediyon Amurka mai lamba 42 zuwa 50 ya ƙi kama FM

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum. Masu gyaran tsofaffin rediyo, a taimaka. Rediyo ne mai bawul, ƙirar Amurka, AM na magana tsaf, amma in anka murɗa zuwa FM sai shuuu kawai. Kuma lambobin fuskar FM ɗin daga 42 sunka fara, sunka tsaya 50. Bawul ne ya mutu ko koyil?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Ɗana, rediyonka lafiyarsa lau, tashoshinsa ne babu. A 1940 hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta ware wa FM zangon megahaz 42 zuwa 50. Can tashar Edwin Armstrong, wanda ya ƙirƙiro FM, ta Alpine, Niu Jasi, take. A 1945 anka ɗage FM zuwa 88–108, kafin 1950 tsohon zangon ya zama kango. Rima FM ta Sakkwato na kan 97.1, ninki biyu ke nan na inda allurarka ke yawo. Wanga shuuu ɗin ma alamar alheri ce, sashen IF, wato inda rediyo ke ƙara wa sigina ƙarfi bayan ya sauke shi zuwa wata tsayayyiyar mita ta ciki, na da rai.

Runjin Sambo Lantarki:
Baba ya faɗi gaskiya. Sai dai wani zai ce maka a rage zagayen koyil don rediyon ya kai sabon zangon. Kada ka yarda. Ninka mita sau biyu na bukatar rage ƙarfin koyil ko kondensa sau huɗu, kuma galibin bawul ɗin irin waɗannan rediyo ba su jure megahaz 100: tasha ta riƙa zamewa da zarar sun yi zafi. Ga IF ɗinsu, galibi 4.3 ne, ba 10.7 na yanzu ba, don haka tashar da ke nesa da taka da 8.6 za ta faɗo kanta.

Ka haɗa konbata, na'urar da ke sauke mitar tasha zuwa zangon da rediyonka ke kamawa, daga waje, irin dabarar da ake yi wa rediyon motocin Japan masu tsayawa 90. Miksa SA612, ɗan guntun lantarki mai haɗa mita biyu ya fitar da bambancinsu, da kiristal mai samar da megahaz 50 sun isa. Lissafin ragi ne: 97.1 a cire 50, Rima ta fito a 47.1. Daga 92 zuwa 100 kawai za ka samu, tunda faɗin fuskar 8 ne. Eriya kuwa waya biyu, kowace santimita 75, a shigar da ita konbata. Abin da ya fito shi ke zuwa sukurorin eriyar rediyon.

Ɗan Mabera:
Madalla, Oga. To wutar fa? Tiransifomarsa na ɗaukar zafi sosai.

Tsohon Makaniki:
Dole. Don bolt 117 da haz 60 anka naɗe ta, namu 230 ne da 50. Sitefdawun, wato tiransifomar waje mai sauke wuta, na rage bolt, ba ya canza haz, sai ka haɗa da zafin Afrilu na Sakkwato. Saukar da shi zuwa 110, kada ka jingina bayansa da bango. In kondensocin takarda masu kakin nan na ciki har yanzu, fitar da su duka ka sa na filim masu bolt 630, don su ke yoyon wuta suna wahal da tiransifoma. Kunnawar farko ka jera kwan fitila mai zare na wat 60 a layin wuta: in ya haska ya dushe, lafiya, in ya tsaya da haske, kashe maza. Ƙurar hunturu da ke tsakanin faranta na kondensar murɗawa kuma a hure ta da iska, ban da tsinke, ban da mai.