Abin da muka tattara kan hidimar baƙi masu Sifaniyanci da iyalan fursunoni

To ga abin da na tsinta daga zaman cocinmu a Houston, a jihar Texas ta Amurka. Kusan kowa ya yarda ajin koyon Turanci da yamma shi ne ƙofa, don mutanen Meziko da Honduras da ke kewayenmu sai sun tashi aiki suke samun sukuni, kuma a tanadi mai kula da yara in ba haka ba iyaye mata ba za su zo ba. Wata mama ta ja kunne sosai, ta ce kar wanda ya tambayi mutum takardunsa, ka tambaya yau gobe ba ka ƙara ganinsa, maganar shige da fice a bar wa lauya. Tafinta ma a samu babba, a daina sa yaro fassara matsalar uwarsa.

Iyalan fursunoni kuwa an kawo maganar shirin Angel Tree na Prison Fellowship, wata ƙungiyar Kirista mai hidima ga fursunoni, inda ana kai wa yaro kyautar Kirsimeti da sunan babansa ko mamarsa da ke gidan yari. Ni dai abin da ya fi taɓa ni mota ce, gidajen yarin Texas da nisa, wata ta ce wata shida ba ta ga mijinta ba saboda kuɗin mai. Fasto ya ce motar coci na nan ranar Asabar, direba muke nema.