Neman Shawara: Haɗa malt a gida da tsiron dawa ba tare da ya zama giya ba

Mai tambaya, mazaunin Bamberg a Jamus:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aiki a Bamberg da ke jihar Bavariya, garin da ya yi suna a kan giya, musamman wadda ake busar da tsironta da hayaƙin itace. Wani abokin aikina yana dafa tasa giyar a gida, kuma ya ce zai ara mini tukunyarsa da ma'aunin zafi idan ina so. Ni Musulmi ne, ba na shan barasa, amma ina sha'awar haɗa abin sha irin Maltina da tsiron dawa, tunda ana samun dawa a shagunan 'yan Afirka. Tambayata ta farko ita ce yadda zan yi abin ya yi zaƙi kuma kada ya juye ya zama giya. Ta biyu kuma, abokan aikin nan suna yawan gayyatata mashaya domin ɗanɗana giyar ƙananan masana'antu, suna cewa akwai wadda babu barasa a cikinta. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Wani tsohon ma'aikacin kamfanin lemo daga Kaduna:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne, malt da giya hanyarsu ɗaya ce har zuwa wani mataki, daga nan ne suke rabuwa. Ana jiƙa hatsi ya tsira, a busar da shi, a ɓarza, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har sinadaran da tsiron ya samar su narkar da sitacin ya koma sukari, sannan a tace a tafasa. Ruwan zaƙin da aka samu a nan babu barasa a cikinsa ko kaɗan. Mai giya yana zuba masa yis ya bar shi kwanaki, yis ɗin ya cinye sukarin ya fitar da barasa da iska. Mai malt kuwa duk aikinsa shi ne ya hana yis kusantar ruwan nan. Wahalar ita ce yis yana cikin iska, yana jikin hatsi, yana jikin ludayi da murfin da ba a wanke da kyau ba, saboda haka ko ba ka zuba shi da hannunka ba zai iya shiga da kansa.

Dawa tana yin wannan aiki, kuma mu shaida ne. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin Najeriya suka koma ga dawa da masara, har ta kai farar dawa ta zama abin da manoma ke nomawa musamman domin sayar musu. Sai dai dawa ta fi sha'ir taurin kai. Shi sha'ir, idan ka riƙe shi a zafin digiri 65 zuwa 72 na kimanin awa guda, sitacinsa zai nuna, sinadaran narkarwar kuma suna nan da ransu. Sitacin dawa kuwa sai zafi ya haura digiri 70 sosai kafin ya nuna, a daidai zafin da sinadaran ke fara mutuwa. Idan ka bi lissafin da abokinka ke amfani da shi na sha'ir, abin da za ka samu shi ne ruwa mai kauri, salam, babu zaƙi. Shawarata ita ce ka fara da tsiron sha'ir, wanda garinku cike yake da shi, tunda kamfanin Weyermann da ke sayar wa duniya tsiro a nan Bamberg yake. Ka haɗa fari da ɗan wanda aka gasa ya yi duhu, domin shi ke ba da launin nan da ƙamshin ƙonannen sukari. Idan hannunka ya faɗa, sai ka gwada dawa.

Wata uwa daga Jos:

Ɗana, ni Kirista ce, kuma na tashi a gidan da ake dafa burkutu, don haka bari in ƙara a kan bayanin da Baba na Kaduna ya yi. Matsalar zafin da ya ambata, iyayenmu mata sun daɗe da warware ta ba tare da ma'auni ba. Bayan an niƙa tsiron, ana dama shi da ruwan sanyi a bar shi ya kwanta, sai a tsiyaye ruwan saman a ajiye gefe guda. Gasarar da ta kwanta a ƙasa ita ake ɗorawa a wuta ana juyawa da muciya har ta nuna ta yi kauri, a sauke ta sha iska, sannan a mayar mata da ruwan nan da aka ajiye. Kana tsaye za ka ga kaurin ya saki, abin ya tsinke, idan ka ɗanɗana ka ji zaƙi ya fito. Ƙarfin tsiron a cikin ruwan saman yake, shi ya sa ba a yarda ya ga wuta ba. Masu kunun zaƙi ma abin da suke yi ke nan idan suka haɗa dafaffen ƙullu da ɗanye mai dankali ko tsiron shinkafa.

Wajen tsirar da dawar, ka jiƙa ta kamar kwana guda kana sauya ruwa, ka baza ta a kan tsabtataccen buhu ka rufe, kana yayyafa ruwa safe da yamma kana juyawa, har kwana huɗu ko biyar. Dawa 'yar ƙasar zafi ce, saboda haka ka nemi wuri mai ɗumi a ɗakin, in ba haka ba sanyin ƙasar nan zai sa ta ruɓe kafin ta tsira. Idan ka ga funfuna ko ka ji wari, ka zubar gaba ɗaya, kada ka ce za ka tsince. Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: idan ta bushe, ka murje ta da hannu ka sheƙe, saiwar da kan tsiron duk su fita. Akwai guba a cikinsu irin ta rogo mai ɗaci, ita ce kuma take kashe dabbar da ta ci gyauron dawa. Kada kuma ka taɓa dawar da aka tanada domin shuka, domin da magani a jikinta.

A gidanmu yara suna shan ruwan zaƙin nan a ranar da aka dafa shi, ba ya bugarwa. Amma daga lokacin da aka zuba masa na jiya aka bar shi ya kwana yana kumfa, ya zama na manya.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya:

Yayana, ni a kan ajiya zan ja hankalinka. Kada ka ɗura wannan ruwa a kwalba ka toshe ka ajiye a kan kanta yadda ake ajiye na kanti. Idan yis ya shiga, iskar da yake fitarwa tana iya fasa kwalbar. Idan kuma bai shiga ba, akwai haɗarin da ya fi wannan, domin ruwa ne mai sukari maras tsami, kuma ƙwayar cutar botulizim, wato mugunyar gubar abinci mai shanye jiki, tana iya tsallake tafasa, ta hayayyafa a inda babu iska. Kamfanoni suna da na'urori da gwaje-gwajen da kai ba ka da su. Ka dafa kaɗan, ka sanyaya da gaggawa, ka sa a firji, ka shanye cikin kwana biyu ko uku, ragowar kuma ka daskarar da shi. Idan kana son gas, ka tsiyaya masa ruwan soda a kofi lokacin da za ka sha.

Wani ɗan'uwa da ya daɗe a Munik:

Game da tambayarka ta biyu, a Jamus ana iya rubuta "alkoholfrei" a jikin giyar da barasarta ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Wadda aka fi tsarkakewa ita ce mai ɗauke da 0,0%. Hanyoyin yin ta biyu ne a taƙaice: ko a katse aikin yis tun da wuri, ko kuma a bari ta zama cikakkiyar giya sannan a cire barasar da na'ura. Ƙananan masana'antu ba duka ne ke da irin wannan na'ura ba, kuma giyar da suke alfahari da ita, irin su IPA da Bock, sau da yawa ta fi ta gama-gari ƙarfi, tana kaiwa kashi 6 ko fiye. Idan malt kake nema kawai, Karamalz da Vitamalz suna nan a manyan kantuna, sai dai su ma ka karanta jikin kwalbar. A ganina, Jamusawa ba sa jin haushin wanda ya ce ba ya sha, matuƙar ya faɗa kai tsaye. Abin da ba sa so shi ne kwana-kwana. Ka ce musu ku haɗu wajen shan kofi ko cin abincin rana, za ka ga sun yarda.

Wani malami daga Katsina:

Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka shiga. Jiƙa hatsi ko dabino a sha ruwansa halal ne muddin bai kai ga sa maye ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a bayar a shanye ko a zubar. Ka ga wannan ya yi daidai da shawarar 'yar'uwarmu ta Zariya. Ƙa'idar kuma sananniya ce: abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Giyar da aka cire wa barasa malamai sun yi saɓani a kanta, kuma ni ina ganin barinta ya fi, musamman wadda sai da ta zama giya tukuna. Zaman mashaya kuwa, akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, don haka ko ruwa za ka sha, ba na ba ka shawarar zuwa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura abu ɗaya: zan iya amfani da kayan aikin abokin nawa?

Tsohon ma'aikacin kamfanin lemo:

Tukunyar ƙarfe da ma'aunin zafi babu damuwa idan ka wanke su sosai ka tafasa ruwa a cikin tukunyar, hukuncin tsarkinsu kuma Malam ya fi ni sani. Amma bokitin robar da yake tsima giya a ciki, da tiyo, da kwalabensa, kada ka karɓa, domin yis yana maƙalewa a cikin ƙarzar roba inda soso ba ya kaiwa. Ka sayi sabuwar rariya da sabon mazubi naka. Idan ya ba ka furen nan mai ɗaci da suke kira hops, shi ba ya sa maye, amma ɗan kaɗan ya isa, in ba haka ba ɗacinsa zai danne zaƙin da ka sha wahala ka fitar.