Dan Allah a taimaka: na faɗaɗa direban Wi-Fi, tsofaffin manhajoji sun rikice

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara, kwana uku kenan abin nan ya hana ni sukuni. Ina kula da direban Wi-Fi na wata ƙaramar na'ura mai Linux, direban tsoho ne har yanzu ta Wireless Extensions yake magana, wato waɗancan ioctl ɗin (kiran da manhaja ke yi wa direba ta cikin kanel, zuciyar Linux) da manhajar saita Wi-Fi ta iwconfig ke bi. To mun canza cif ɗin rediyo, sabon tashoshinsa sun haura 32, shi kuma struct iw_range, tsarin da direba ke zuba bayanin abin da katin zai iya, gurbin tasha 32 kacal gare shi. Sai kawai na ɗaga IW_MAX_FREQUENCIES, lambar da ke ƙayyade yawan gurbin, zuwa 64 na sake haɗa kanel. Direba ya tashi lafiya lau, amma manhajojinmu biyu sun lalace, ɗaya tana dawo da kuskuren E2BIG (wato abu ya yi girma da yawa), ɗayar kuma tana tashi amma ta kafe wai katin ba ya tsarin tsaro na WPA2 alhali yana yi. Ta biyun ce damuwata, ba mu da kod ɗinta, wanda ya rubuta mana ita ya daɗe da barin harkar, ga shi tana hannun mutane da yawa. Ya zan ƙara sabon abu ba tare da na karya musu ba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Maida shi 32 yau ɗin nan kafin komai. Ka buɗe wireless.h ka duba, enc_capa, wanda ke faɗin ko akwai WPA da WPA2, a bayan jerin freq, wato jerin tashoshin, yake zaune. Kowane gurbi bayit 8 ne, ka ƙara 32, kenan ka tura enc_capa gaba da bayit 256. Ita manhajar da aka haɗa da tsohon fayil ba ta da labari, tsohon wurin take zuwa, sai ta tarar da lambar tasha ta 33 ta karanta ta a matsayin bayanin tsaro. Ta farkon kuma wurin ajiya daidai tsohon girma ta tanada, kanel ya ga amsa ba za ta shiga ba ya ce E2BIG. Gara ma ita wlh, ta yi ihu ka ji. Kuma ba kai ka fara ba, lokacin WE-16, wato siga ta 16 ta Wireless Extensions, an taɓa sauya fasalin wannan tsarin, shi ya sa cikin iwlib, kod ɗin da su iwconfig ke dogara da shi, akwai iw15_range da aka ajiye musamman don gane tsohon fasali.

Amsa ta biyu:
Malam me zai hana ka bi ta ioctl na kashin kai? Lambobin ioctl daga 0x8BE0 zuwa 0x8BFF an ware wa masu direba, manhajar iwpriv na ganinsu. Ka bar SIOCGIWRANGE, ioctl ɗin da ke kawo iw_range, yadda yake ka yi sabon umarni mai kawo cikakken jerin.

Amsa ta uku:
Zai yi aiki amma gsky ban ba shi shawarar ba, lambobi 32 ne kawai a wurin, kuma ɗaurin talala ne ga abin da aka riga aka daina ciyar da shi gaba. Jean Tourrilhes ne ya assasa Wireless Extensions tun shekarun 1990, ya yi wa mutane amfani sosai, amma a siga ta 22 ya tsaya. Masu kanel sun koma sabon tsari, cfg80211 a ɓangaren direba da nl80211 a ɓangaren manhajoji. Dalilin kuwa shi ne irin wahalar nan taka, a netlink, hanyar saƙo da nl80211 ke bi, kowane bayani da lambarsa da tsawonsa yake tafiya, in kanel ya turo wanda manhaja ba ta sani ba sai ta tsallake shi ta ci gaba, ba wanda ke ƙirga bayit daga farko. Don haka ni a ganina ka maida direban kan cfg80211, sannan ka kunna zaɓin CONFIG_CFG80211_WEXT wajen haɗa kanel, shi zai riƙa amsa tsofaffin ioctl ɗin a madadinka. Tsohuwar manhaja ta ga tashoshi 32 ɗinta ta kama gabanta, sababbi su ga komai ta nl80211. In akwai abin da cif ɗinku kaɗai ke yi, nl80211 na da umarnin kamfani da ake rataya wa lambar OUI, wato lambar shaidar kamfani.

Kuma kar wani ya ce maka ai a tilasta wa mutane su sabunta. An gwada a WE-21, aka canza yadda ake ƙirga tsawon ESSID, wato sunan netwok, bayit ɗaya tal na sifirin ƙarshe, kayan aikin mutane suka daina haɗuwa da netwok, dole aka saka kod ɗin sassauci da har yau yana nan. A ƙarshen 2014 ma an so a hana zaɓar wancan CFG80211_WEXT ɗin, aka yi ƙorafi, Linus Torvalds, jagoran kanel ɗin Linux, ya karɓi gyaran da ya maido shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na maida 32 duka biyun sun dawo daidai. Amma Yaya komawa cfg80211 ba ƙaramin aiki ba ne fa, kuma su ioctl ɗinmu na kashin kai da manhajar ke kira fa?

Amsa ta uku:
Amin. Waɗannan cfg80211 ba zai fassara maka su ba, sai ka riƙe su da kanka a direban. Ka ɗora strace, mai nuna duk kiran da manhaja ke yi wa kanel, a kan manhajar a na'urar da ke aiki, ka bi kowane maɓalli nata, ka rubuta duk ioctl ɗin da ta kira da girman abin da ta miƙa, wannan jerin ya zama gwajinka bayan kowane canji. Ka gwada ta a kanel mai bit 64 ma in ita mai bit 32 ce, don tsarin iw_point da ake miƙa bayani da shi na ɗauke da manuni (pointer), girmansa ba ɗaya ba ne a ɓangarorin biyu.

Amsa ta huɗu:
Abu ɗaya zan ƙara, ka tabbatar wane irin cif ne. In mai Wi-Fi 7 ne da ke haɗa layuka da yawa lokaci guda, sababbin kanel ba sa barin Wireless Extensions ya yi aiki a kansa sam, har gargaɗi suke bugawa a dmesg, wato saƙonnin kanel, da sunan manhajar da ta kira. In haka ne fara neman wanda zai sake rubuta manhajar tun yanzu.

Mai tambaya:
Ba 7 ba ne alhamdulillah, 6 ne. Gobe in sha Allah zan ɗora strace ɗin in kawo muku jerin ku duba min.