Neman kalma: "hops" da "hoppy", tunda "mai ɗaci" ta ƙi zama

Mai fassara: Jama'a, salamu alaikum. Aiki ya kai ni inda ban zata ba. Ina sa wa wani shirin ɗanɗanon abinci fassarar Hausa a ƙasan allo, sai ga wurin da mai shirin ya kurɓi wata giya da aka haɗa da barkono da mangwaro, ya ce "hoppy" ce ƙwarai. Ni ba mashayi ba ne, kuma kafin wani ya tambaya, abin da aka faɗa nake mayarwa, ba talla nake yi ba. Na rubuta "mai ɗaci", na dawo na goge, don a jimlar gaba mutumin ya ce ɗacinta kaɗan ne. Kun ga in na bar ta haka na sa bawan Allah ya ƙaryata kansa da bakinsa. Sunan tsiron "hops" da ake sa wa giya nake nema, da kuma wannan siffar ta "hoppy".

Malamin kimiyyar tsirrai: Wa'alaikumus salam. Malam, gara da ka goge. Tsiron mai yaɗo ne, sunansa na kimiyya Humulus lupulus, yana naɗe igiya ya hau sama da mita 6 cikin shekara guda. Yankuna masu sanyi yake so, shi ya sa manyan gonakinsa suke Hallertau a Jamus da kwarin Yakima a Amurka. Akwai mace akwai namiji, macen ake nomawa saboda furenta, wani ɗan ƙunshi kore mai ƙananan ganyaye a jere. In ka ɓare shi za ka ga gari rawaya mai danƙo. A cikin garin nan abu biyu ne ke zaune: ƙaro mai ba da ɗaci, da mai mai ba da ƙamshi. Ƙaron ba ya sakin ɗacinsa sosai sai ya tafasa kamar awa guda. Man kuwa akasin haka ne, wuta ke korar sa, tururi ya tafi da shi. Saboda haka furen da aka zuba tun farkon dahuwar giya ɗaci yake bari, wanda aka zuba a ƙarshe ko bayan an sauke an huce ƙamshi yake bari. Mutuminka irin ta biyun ya sha. Ɗacin ma yana da ma'auninsa daban, IBU, amma babu lambar da ke faɗa maka ƙarfin ƙamshin.

Wani ɗalibi: Malam, me zai hana a ce "furen giya" kawai? Kowa zai gane.

Mai fassara: Ƙanena, za a gane, amma ta ɗaure tsiron da aiki ɗaya. Ana shayi da shi, ana kuma yin ruwan sha mai gas da shi wanda babu barasa ko ɗigo a ciki. Ranar da zan fassara "shayin furen giya" wa zai yarda babu maye?

Wani mai Larabci: Larabawa na ce masa hashishatud dinar. Tunda mun saba aro daga can, ga ta nan a shirye.

Malamin kimiyyar tsirrai: Akaramakallahu, kana cewa hashisha hankalin mutane zai tafi kan wiwi. Abin dariyar kuma, dangi ɗaya suke da wiwin a lissafin masana tsirrai, sai dai shi wannan ba ya ɗauke da sinadarin da ke bugarwa. Kada mu jawo wa tsiro sharrin ɗan'uwansa.

Malamar Hausa: Ni ban ga abin wahala a sunan ba. Tsiron da ba ka da shi, sunansa ake ara a gyara masa zama a baki. Harafin nan na "p" kullum "f" muke mayar da shi: famfo, fensir, fasinja, kofi. Sai mu ce hof. Masu karatun Faransanci za su ji "houblon" a kunnensu, amma hof ɗin ta fi gajarta, kuma ta yi kusa da yadda Jamusawa ke faɗa. "S" ɗin ƙarshe alamar jam'i ce ta Turanci, ba kayanmu ba ce, a bar musu.

Wani ɗalibi: Malama, ai a silifas mun taho da ita.

Malamar Hausa: Mun taho da ita don ba wanda ke sayen ƙafa ɗaya. Zauna.

Mai fassara: To hof ta zauna. Saura babbar. In ce "mai hof"?

Malamar Hausa: A'a, Malam. Kusan duk giyar sha'ir ta yau akwai hof a cikinta. A 1516 ma dokar Bavariya ta Jamus ta ce ruwa da sha'ir da hof kaɗai za a sa. Ka ce giya mai hof kamar ka ce tabarma mai saƙa ne, ba ka ƙara komai ba. Abin da mai ɗanɗanon ke nufi shi ne an zuba har ya fito fili ya rinjayi sauran. Kuma muna da yadda muke faɗar wannan tun kaka da kakanni. Miya ta ji gishiri. Nama ya ji wuta. Tufa ta ji shuni. To giyar nan ta ji hof. Ba ka ce ɗaci ba, ba ka ce ƙamshi ba, ka bar ƙofa a buɗe kamar yadda ainihin kalmar ta bari. Inda ya ware ɗaya, sai ka ce ɗacin hof ko ƙamshin hof. In kuma ya yi maganar bushewar da take bari a harshe, wannan bauri ne, kada ka haɗa shi da ɗaci.

Mai fassara: Wallahi Malama kin raba gardama. Kwana biyu ina neman suna, ashe aikatau ne zai fitar da ni.

Malamin kimiyyar tsirrai: Akwai tarko biyu a gabanka, in ba ka riga ka faɗa ba. Na farko, barkonon. Idan mai shirin ya yi maganar zafinta, kada ka rubuta "giya mai zafi", abin a sanyaye ake shan sa, mai karatu zai ɗauka an ɗumama. Sinadarin kafsaisin da ke cikin barkono ba ɗanɗano ba ne, jijiyar da ke jin ƙuna yake taɓawa, shi ya sa yake makara. Ƙamshi ne ke fara isa hanci, zaƙin mangwaro ya biyo a harshe, ɗaci ya tsaya a ƙarshen baki, sai bayan an haɗiye raɗaɗi ya taso a maƙogwaro. Yaji ko raɗaɗi za ka ce. Ka kuma kula da irin barkonon da ya ambata, don ratar tana da yawa: a ma'aunin yaji da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, jalapeño na tsakanin 2,500 da 8,000, habanero kuwa daga 100,000 zuwa 350,000. Na biyu, 'ya'yan itacen. Wasu irin hof da kansu suke ƙamshin 'ya'yan itace. Cascade, wanda aka fitar a jihar Oregon ta Amurka a 1972, ƙamshin garehul yake yi ba tare da an yanka garehul ko ɗaya ba. Sai ka saurara da kyau, "an sa mangwaro" daban, "tana ƙamshi kamar mangwaro" daban.

Wani ɗalibi: "Craft" ɗin da ake ce wa irin wannan giyar fa? Giyar hannu? Ko ta gargajiya?

Mai fassara: Duka biyu a'a. Injuna suke amfani da su, kuma harkar sabuwa ce, ta bunƙasa ne a Amurka bayan an halatta haɗawa a gida a 1978. Na sa "giyar ƙananan kamfanoni", ko da yake ƙungiyarsu ta can tana kiran mai fitar da ganga miliyan 6 a shekara ƙarami, Allah ya ba mu irin wannan ƙanƙantar a wata sana'ar. Ga yadda layin ya fita yanzu: "Ta ji hof sosai, amma ɗacinta kaɗan ne. Mangwaro ne a gaba, raɗaɗin barkono sai daga baya." Ya shiga layi biyu na allo daidai.

Wani ɗalibi: Ya yi kyau, Malam. Amma ni dai har yanzu hofs ta fi mini daɗin faɗa.